Gottfried Wilhelm Leibniz: Lauyan da ya bar wa ɗaliban kasuwanci gadon lissafi

A kusan kowace jami'ar da ake koyar da harkokin kasuwanci, ko tattalin arziki, ko gudanarwa, akwai wani darasi da ɗaliban shekarar farko kan yi fargabarsa, wato lissafin kalkulas. Wannan shi ne reshen lissafin da ke auna yadda abubuwa ke sauyawa: yadda riba ke ƙaruwa ko raguwa idan aka ƙara yawan kayan da ake sarrafawa, ko yadda masu saye ke janyewa idan farashi ya tashi. Alamomi biyu ne ɗalibi zai fara cin karo da su a wannan darasi, ƙaramin harafin d da kuma wata doguwar alama ∫ mai kama da harafin s da aka miƙar. Mutumin da ya ƙirƙiro su shi ne Gottfried Wilhelm Leibniz, wani Bajamushe wanda shari'a ya karanta, ya kuma ƙare rayuwarsa yana aiki a fadojin sarakuna. Bai dukufa ga lissafi ba sai da ya kai shekaru 26, kuma ya bar duniya ana zarginsa da satar fasahar wani.

Maraya a cikin ɗakin littattafai

An haifi Leibniz a birnin Leipzig na yankin Saxony a ranar 1 ga watan Yulin 1646, shekaru biyu kafin ƙarshen yaƙin nan na shekaru 30 da ya ɗaiɗaita ƙasashen Jamusawa. Mahaifinsa Friedrich farfesa ne na falsafar ɗabi'a a jami'ar Leipzig, kuma ya rasu a 1652, lokacin da yaron ke da shekaru 6. Babban abin da ya gada daga mahaifin nasa shi ne ɗakin littattafai, inda ya koya wa kansa harshen Latin, wanda shi ne harshen ilimi a Turai a wancan zamani, ya kuma riƙa karanta tarihi da falsafa da ilimin addini tun yana ƙarami.

Ya shiga jami'ar Leipzig a 1661 yana da shekaru 14. A 1666 ya wallafa wani ɗan littafi kan fasahar harhaɗa abubuwa, inda ya bayyana burin da ya riƙe har ƙarshen rayuwarsa, wato samar da wasu alamomi da za su mayar da tunani tamkar lissafi, ta yadda mutane biyu da suka yi saɓani za su iya zama su warware shi da alƙalami. A wannan shekara ce jami'ar garinsu ta hana shi digirin dakta a fannin shari'a, abin da marubuta tarihinsa da dama ke dangantawa da ƙarancin shekarunsa. Sai ya koma jami'ar Altdorf da ke kusa da Nuremberg, inda ya sami digirin a farkon 1667. An yi masa tayin kujerar koyarwa a can, amma ya ƙi, domin ya fi sha'awar aiki a kusa da masu mulki.

Shawarar mamaye Masar

Ta hannun wani babban ɗan siyasa, Johann Christian von Boyneburg, Leibniz ya shiga aikin mai mulkin Mainz, inda ya taimaka wajen gyaran dokoki. A lokacin sarakunan Jamusawa na cikin zulumi saboda ƙarfin sojan Sarki Louis na 14 na Faransa. Leibniz ya tsara wata shawara da ke neman karkatar da hankalin sarkin daga maƙwabtansa na Turai zuwa ga Masar, wadda a lokacin take ƙarƙashin Daular Usmaniyya. A taƙaice, so ya yi a sayi zaman lafiyar Turai da yaƙi a ƙasar Musulmi, kuma wannan na daga cikin tabon da ke tarihinsa. A 1672 aka tura shi birnin Paris da wannan saƙo, amma fadar Faransa ba ta saurare shi ba, domin a wannan shekara ta afka wa ƙasar Holland. Sai bayan shekaru 126, wato a 1798, sojojin Faransa suka mamaye Masar a ƙarƙashin Napoleon.

Aikin da ya kai shi Paris ya ci tura, iyayen gidansa biyu kuma suka rasu cikin 'yan watanni, amma zaman da ya yi na shekaru 4 a birnin shi ne ya sauya alƙiblar rayuwarsa. A can ya haɗu da fitaccen masani ɗan ƙasar Holland, Christiaan Huygens, wanda ya fahimtar da shi cewa iliminsa na lissafi bai taka kara ya karya ba, ya kuma nuna masa littattafan da ya kamata ya karanta. A 1673 Leibniz ya ziyarci Landan, inda ya nuna wa ƙungiyar masana ta Royal Society wata na'ura da ya ƙera domin yin tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa. Na'urar da Bafaranshe Blaise Pascal ya ƙera kafin wannan, tarawa da ɗebewa aka yi ta domin su. Duk da cewa ta Leibniz ba ta gama kammaluwa ba, ƙungiyar ta zaɓe shi mamba a wannan shekara.

Tarawa da bambanci

Huygens ya taɓa gwada shi da wata matsala: a tara 1 da 1/3 da 1/6 da 1/10 da 1/15, a ci gaba haka ba iyaka, nawa za a samu? Leibniz ya gano cewa amsar 2 ce, kuma hanyar da ya bi ita ce ta zama tushen duk abin da ya biyo baya. Ya lura cewa ana iya rubuta kowace lamba a jerin a matsayin bambancin wasu lambobi biyu, kuma idan aka tara irin waɗannan bambance-bambance, na tsakiya duk sai su cinye juna, a bar na farko da na ƙarshe.

Misali mai sauƙi shi ne jerin 0, 1, 4, 9, 16. Bambancin da ke tsakanin kowace lamba da mai bi mata shi ne 1, 3, 5, 7, kuma jimlarsu 16 ce, daidai da lambar ƙarshe idan aka cire ta farko. Duk ɗan kasuwar da ke riƙe littafin shiga da fitar kuɗi ya san wannan: idan ya tara ƙari da ragin da aka samu kowace rana, zai sami bambancin da ke tsakanin jarinsa na farkon wata da na ƙarshensa. Abin da Leibniz ya yi shi ne ya ɗauki wannan ƙa'ida ya kai ta ga sauye-sauyen da suka yi ƙanƙantar da ba za a iya aunawa ba, ya nuna cewa gano saurin sauyi da tara ƙananan sauye-sauye ayyuka ne guda biyu da ɗaya ke warware ɗaya.

Takardunsa da aka adana sun nuna cewa a ranar 29 ga watan Oktoban 1675 ya fara amfani da alamar ∫, wadda ya ɗauko daga harafin farko na kalmar jimla a harshen Latin, kuma cikin 'yan makwanni ya biyo da harafin d, daga kalmar bambanci. Masana da dama sun share masa fage. Archimedes na Girka ya lissafa faɗin siffofi masu lanƙwasa tun kafin haihuwar Annabi Isa, Ibn al-Haytham, wanda ya rayu a Alƙahira a ƙarni na 11, ya samar da hanyar tara lambobin da aka ninka da kansu sau 4 domin auna girman wata siffa, masanan yankin Kerala na Indiya sun yi nisa a lissafin jerin lambobi marasa iyaka, sannan a ƙarni na 17 ga irin su Pierre de Fermat da Isaac Barrow. Sai dai galibinsu kowace matsala da tata dabara suke warware ta. Leibniz ya samar da ƙa'idoji da alamomin da ɗalibi na yau da kullum zai iya bi ya sami amsa ko da bai kai hazaƙar waɗancan ba.

Shekaru 40 a Hannover

Rashin samun aiki mai ɗorewa a Paris ya tilasta masa karɓar muƙamin mai kula da ɗakin littattafai kuma mashawarci a fadar Hannover. A kan hanyarsa a 1676 ya sake biyawa ta Landan, inda aka nuna masa wasu rubuce-rubucen Isaac Newton da ba a buga ba, lamarin da daga bisani ya zame masa alaƙaƙai. Ya kuma tsaya a Holland ya gana da masanin falsafa Baruch Spinoza. Ya isa Hannover a ƙarshen shekarar, ya kuma yi wa masu mulkinta uku aiki ɗaya bayan ɗaya har mutuwarsa.

A nan ne sha'awarsa ga harkokin dukiya ta fito fili. Daga 1680 zuwa 1685 ya sha zirga-zirga zuwa tsaunukan Harz, inda ake haƙar azurfar da baitulmalin fadar ya dogara da ita, yana ƙoƙarin amfani da ƙarfin iska wajen janye ruwan da ke cika ramukan haƙar. Iskar ba ta ba da haɗin kai ba, jami'an ma'adinan ma haka, daga ƙarshe aka dakatar da aikin bayan an kashe kuɗi masu yawa. A 1683 ya wallafa wata maƙala kan tambayar da har yau ake fara darasin sarrafa kuɗi da ita: idan za a biya mutum wasu kuɗi nan gaba, nawa ne darajarsu a yau? Alal misali, inda kuɗi ke ƙaruwa da kashi 5 cikin 100 a shekara, 105 na baɗi daidai suke da 100 na bana. Kazalika ya rubuta shawarwari kan kafa asusun inshora na hukuma domin tallafa wa waɗanda gobara ko ambaliya ta shafa.

A 1684 ya fitar da lissafin nasa fili a mujallar masana ta Acta Eruditorum da ake bugawa a Leipzig, cikin wata gajeriyar maƙala mai 'yan shafuka, wadda take ɗauke da sunan sabuwar hanyar gano ƙololuwa da mafi ƙanƙantar ƙima. Maƙalar na da wuyar fahimta, ga kuma kurakuran ɗab'i, amma wasu 'yan'uwa biyu daga birnin Basel na Switzerland, Jacob da Johann Bernoulli, sun gane ta, suka kuma faɗaɗa ta. A 1686 ya wallafa ɓangaren tarawa, sannan a 1696 wani basaraken Faransa, Guillaume de l'Hôpital, wanda Johann Bernoulli ya koyar, ya fitar da littafin koyarwa na farko a wannan fanni, da alamomin Leibniz.

Sai dai abin da iyayen gidansa ke biyansa albashi dominsa daban ne. A 1685 aka ɗora masa rubuta tarihin gidan sarautar. Daga 1687 zuwa 1690 ya zagaya kudancin Jamus da Ostiriya da Italiya yana tono tsofaffin takardu, kuma binciken nasa ya ƙarfafa matsayin gidan, wanda a 1692 ya shiga sahun masu zaɓen babban sarkin daular Jamusawa. Amma taura biyu ba ta taunuwa, balle goma. Yana wannan aiki yana neman sasanta ɗarikun Katolika da Furotesta, yana musayar wasiƙu da limaman Kirista da ke ƙasar Sin, yana ba Sarki Peter na Rasha shawara, ya kuma jagoranci kafa cibiyar nazarin kimiyya ta Berlin a 1700, wadda ya zama shugabanta na farko. A 1703 ya rubuta bayanin tsarin ƙirga da lambobi biyu kawai, 0 da 1, tsarin da kwamfuta ke aiki da shi a yau. A 1710 ya fitar da littafinsa kan adalcin Ubangiji da samuwar sharri a duniya, wanda marubucin Faransa Voltaire ya yi wa ba'a a 1759. Tarihin da aka sa shi kuwa, har ya mutu bai wuce shekarar 1005 ba.

Takaddama da Newton

Isaac Newton na Ingila ya gano irin wannan lissafi tsakanin 1665 da 1666, kimanin shekaru 10 kafin Leibniz, lokacin da annoba ta sa aka rufe jami'ar Cambridge. Amma bai buga shi ba, sai dai ya nuna wa wasu 'yan tsirarun abokai. A 1676 ya aika wa Leibniz wasiƙu biyu ta hannun sakataren Royal Society, kuma a ta biyun ya ɓoye jigon hanyar tasa cikin wasu haruffa da ya hargitsa, waɗanda ba mai iya karantawa. Cikakken bayaninsa na farko a kan fannin bai fito a buge da sunansa ba sai a 1704, shekaru 20 bayan maƙalar Leibniz.

Da farko mutanen biyu na girmama juna. Rikici ya kunno kai ne a 1699, lokacin da wani abokin Newton, Nicolas Fatio de Duillier, ya yi shaguɓen cewa Leibniz aro ya yi. Bayan wasu shekaru wani masani ɗan Scotland, John Keill, ya fito ƙarara ya zarge shi da kwafa a mujallar Royal Society. A 1711 Leibniz ya kai ƙara gaban ƙungiyar yana neman a wanke shi, alhali shugabanta tun 1703 shi ne Newton. Kwamitin da aka kafa ya kammala rahotonsa a 1712 ba tare da ya ji ta bakin mai ƙara ba, ya kuma goyi bayan Newton. Daga baya takardun Newton sun nuna cewa shi da kansa ya tsara rahoton, sannan ya rubuta sharhin yaba masa ba tare da sa suna ba. Shi ma Leibniz bai fita da tsabta ba, domin ya yaɗa wata takarda marar sa hannu da ke sukar Newton.

Masana tarihin kimiyya na yau, bayan nazarin rubuce-rubucen mutanen biyu, sun yi ittifaƙin cewa kowannensu ya gano lissafin ne da kansa: Newton ya riga ganowa, Leibniz ya riga wallafawa. Ingila ce ta fi ɗanɗana kuɗar rikicin, domin kishin ƙasa ya sa masananta suka manne wa alamomin ɗige-ɗige na Newton har kusan shekaru 100, yayin da sauran Turai ke ci gaba da na Leibniz masu sauƙin sarrafawa. Sai a 1812 wasu matasa a Cambridge, cikinsu har da Charles Babbage, suka kafa ƙungiyar da ta yi fafutukar shigo da alamomin Leibniz.

A 1714 ubangidansa Georg Ludwig ya zama Sarki George na 1 na Birtaniya, amma ya hana Leibniz bin sa Landan, ya umarce shi da ya zauna ya kammala tarihin da aka daɗe ana jira. Ya rasu a Hannover a ranar 14 ga watan Nuwamban 1716 yana da shekaru 70, bayan fama da ciwon gaɓoɓi. Bai taɓa aure ba. Manyan fada ba su halarci jana'izarsa ba, kuma daga cikin cibiyoyin ilimin da yake mamba, ta Paris ce ta yi masa jawabin ta'aziyya. Newton kuwa, da ya rasu a 1727, a majami'ar Westminster aka binne shi, inda ake binne sarakunan Ingila.

Daga ɗakin nazari zuwa kasuwa

An ɗauki fiye da ƙarni guda kafin wannan lissafi ya shiga nazarin kasuwanci sosai. A 1838 Bafaranshe Antoine Augustin Cournot ya wallafa littafin da ya bayyana buƙatar masu saye a matsayin abin da ke sauyawa da farashi, ya kuma ba da misalin mai wata maɓuɓɓugar ruwan magani da ba shi da abokin gasa, yana neman farashin da zai fi kawo masa kuɗi. Littafin bai samu karɓuwa ba a lokacin, sai da William Stanley Jevons a 1871, da Léon Walras a 1874, da Alfred Marshall a 1890 suka gina nazarin tattalin arziki a kan tambayar abin da ƙarin guda ɗaya ke jawowa. A 1913 wani injiniya Ba'amurke, Ford Harris, ya fitar da ƙa'idar yawan kayan da ya kamata kamfani ya yi oda a lokaci guda, domin daidaita kuɗin yin oda da kuɗin ajiya.

Ga yadda abin yake a aikace. A ɗauka wani mai masana'antar sabulu na kashe dala 20 a kan kowane katan, kuma kasuwa ta nuna masa cewa idan yana son sayar da katan x a rana, dole farashin kowanne ya zama 120 a cire x. Ribarsa ke nan 100x − x². Ƙa'idar Leibniz ta ce saurin sauyin wannan riba shi ne 100 − 2x. Muddin wannan adadi na sama da sifili, ƙara katan ɗaya na ƙara riba. Idan ya faɗi ƙasa da sifili, ƙarin ya koma hasara. Yana zama sifili ne daidai a katan 50, inda ribar ta kai dala 2,500. A katan 49 ko 51 ribar 2,499 ce, a katan 70 kuwa ta sauka zuwa 2,100, duk da cewa an sayar da kaya fiye da da. Wannan ita ce matsalar gano ƙololuwa da maƙalar 1684 ta ɗauki sunanta, kuma darasinta ga ɗan kasuwa shi ne yawan ciniki ba shi ne yawan riba ba.

Tushen da Leibniz ya ɗora lissafin a kai, wato ƙananan adadin da ba sifili ba ne amma sun gaza kowane adadi, ya sha suka, musamman daga limamin nan George Berkeley a 1734. A ƙarni na 19 Augustin-Louis Cauchy da Karl Weierstrass suka sake masa ginshiƙi da ƙa'idar iyaka, wadda da ita ake fara koyar da darasin a yau. Alamomin nasa kuwa ba a taɓa su ba.

Leibniz ya bar wasiƙu kimanin 15,000 da ya yi musaya da mutane fiye da 1,000, waɗanda hukumar UNESCO ta sanya cikin kundin kayan tarihin duniya a 2007. An fara buga cikakken tarin rubuce-rubucensa a 1923, kuma har yanzu aikin bai ƙare ba. A 2006 jami'ar Hannover ta ɗauki sunansa, haka nan ɗaya daga cikin manyan lambobin yabo na binciken kimiyya a Jamus, wadda ake bayarwa tun 1986, sunansa take ɗauke da shi.